Abincin Kifin da Ido Ba Ya Gani: Tambayoyi da Amsoshi Kan Abin da Ke Taƙaita Ƙananan Tsirran Ruwa a Kogin Nilu da Bahar Maliya

Daga Maiurno da Sinnar har zuwa Kosti da Jabal Auliya, su sana'a ce da Hausawan Sudan da dama suka gada, kuma tun da yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya tarwatsa jama'a, wasunmu suka tsinci kansu a Bur Sudan, wasu a Jidda, suna kallon wani irin ruwa da ba su saba da shi ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa daga bakin masunta, masu kiwon kifi a tafki, da ɗalibai. An fara da masu sauƙi, sannan aka zurfafa.

Mene ne fitofilankton, kuma shi ne gansakukar da muke gani a bakin ruwa?

Fitofilankton suna ne da masana suka ba ƙananan tsirran da ke shawagi a cikin ruwa, waɗanda galibinsu ƙwayar halitta ɗaya tak gare su, ba saiwa ba ganye, kuma ba su da ƙarfin saɓa wa igiyar ruwa, inda ya nufa can suke nufa. Ba a ganin ɗaya daga cikinsu sai da madubin ƙara girma, amma idan suka yi yawa sukan mayar da ruwa kore ko ruwan ƙasa. Gansakukar da ke manne a jikin dutse ko a gindin jirgi danginsu ce, sai dai ita a zaune take wuri guda. A nan za mu riƙa kiransu ƙananan tsirran ruwa.

Iri biyu ne za su fi fitowa a bayaninmu: diyatom, masu ɓawo na silika, wato sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, da kuma sayanobakteriya, masu launin shuɗi-kore. Duk da cewa nauyinsu gaba ɗaya bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin tsirran duniya ba, su ne ke yin kusan rabin aikin harhaɗa abinci daga hasken rana a doron ƙasa, domin suna hayayyafa cikin kwanaki, ana cinye su cikin kwanaki. Ana kimanta yawansu ta hanyar auna koren sinadarin kulorofil a kowace litar ruwa.

Me ya haɗa masunci da abin da koma ba ta kamawa?

Komarsa ba ta kama su, amma su ne ke cika ta. Ƙananan dabbobin ruwa, waɗanda ake kira zufilankton, suna cin waɗannan tsirrai, 'ya'yan kifi da kawara suna cin ƙananan dabbobin, tsage da giwan ruwa kuma suna cin kawara. Karfasa, wadda a nan ake ce wa bulti, ta taƙaita wa kanta hanya, domin tana tace tsirran kai tsaye, kuma tsamin cikinta yana da ƙarfin da zai fasa har da sayanobakteriya. A kowane mataki na wannan sarƙa kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai na abin da aka ci ke zama tsoka, saura ya tafi a numfashi da motsi da kashi. Ke nan kilo ɗaya na giwan ruwa na iya tsayuwa a kan kimanin kilo 1,000 na ƙananan tsirrai.

A kogi akwai wata ƙofar abinci daban da bai kamata a manta da ita ba, wato ganyaye da ciyayi da ƙwari da ruwa ke kwasowa idan ya hau fadama. Wannan ne dalilin da ya sa tarwaɗa ke yin ƙiba a lokacin da ƙananan tsirran suka ɓace ƙaf. Amma a bayan madatsun ruwa, a tafkin kiwo, da tsakiyar teku, kusan duk abin da ya shiga bakin kifi daga gare su ya faro.

Me ake nufi idan aka ce wani abu ne ke “taƙaita” su?

Matar da za ta tuƙa tuwon biki, in an ba ta buhu biyar na gari da ganga biyu ta ruwa amma itace dami ɗaya, yawan tuwonta yana ga itacen, kuma ko an ƙara mata buhu goma ba abin da zai sauya. Wannan ita ce ƙa'idar da masanin nan Bajamushe Justus von Liebig ya yaɗa a ƙarni na 19 game da amfanin gona: abin da ya fi ƙaranci a cikin buƙatu shi ke yanke iyakar girma. Buƙatun ƙananan tsirran ruwa su ne haske, naitirojin, fosfaras, silika ga masu ɓawo, ɗan sinadarin ƙarfe, zafi daidai gwargwado, da isasshen lokaci kafin ruwa ya tafi da su ko wani ya cinye su.

Alfred Redfield na Amurka ya nuna cewa a jikin waɗannan halittu na teku, a kan kowace ƙwayar zarra ɗaya ta fosfaras akwai kimanin 16 na naitirojin da 106 na kabon. Da wannan ma'auni ake duba samfurin ruwa a yi hasashen wanne ne zai fara ƙarewa. Abin lura shi ne, mai taƙaitawar yana sauyawa daga wuri zuwa wuri, har ma daga wata zuwa wata a wuri ɗaya, kamar yadda amsoshi biyu na gaba za su nuna.

Ruwan damira cike yake da lakar da ke raya gonaki. Me ya sa ba ya raya waɗannan tsirrai?

Wannan ita ce tambayar da masuntan Shuɗin Nilu suka fi yi, kuma tambaya ce ta mai hankali, domin lakar da ke gangarowa daga tsaunukan Habasha tsakanin Yuli da Satumba tabbas tana ɗauke da albarka. Matsalar ita ce haske. Tsiro ba ya amfana da taki a cikin duhu. Masana suna ɗaukar cewa iyakar rayuwar waɗannan tsirrai ita ce zurfin da hasken rana ya ragu zuwa kashi 1 cikin 100 na abin da ya sauka a saman ruwa. A tsakiyar teku mai tsabta wannan zurfi na iya wuce mita 100, amma a Shuɗin Nilu cikin watan Agusta 'yan santimitoci ne kawai. Na taɓa zama a jirgin wani dattijon masunci a kudu da Sinnar cikin irin wannan lokaci, na ce masa: “Baba, yaya kake gane ruwa ya fara kwantawa?” Sai ya naɗe hannun riga ya tsoma hannunsa, kuma tun kafin ruwan ya kai wuyan hannu yatsun sun ɓace. Ya ce: “Ɗana, ran da na tsoma har gwiwar hannu ina ganin tafina, ran nan nake fara gyaran koma.” Abin da ya auna da hannunsa shi ne ainihin abin da ake aunawa a jami'a da faifan da ake saukarwa cikin ruwa har ya ɓace wa ido.

Abu na biyu shi ne gudun ruwa. Ƙwayar tsiro, ko da komai ya yi mata daidai, ba ta cika rabuwa biyu fiye da sau ɗaya ko biyu a yini ba. Idan ruwa yana tafiya da ita fiye da saurin hayayyafarta, ba za ta taɓa taruwa ba. Bugu da ƙari, ruwa mai tambal-tambal yana jefa ta sama da ƙasa, ta yi daƙiƙa kaɗan a haske ta shafe mintuna a duhu, abin da ta tara ta ƙone shi a numfashi. Harald Sverdrup na Norway ya tsara wannan lissafi a 1953 dangane da teku: idan zurfin da ruwa ke jujjuyawa ya zarce wani ƙayyadadden mizani, asara takan rinjayi riba. A damira Shuɗin Nilu ya haɗa cikas ɗin duka biyu, ga duhu ga gudu.

To yaushe suke dawowa, kuma wace rawa madatsun ruwa ke takawa?

Sukan dawo idan ruwa ya ja baya, laka ta kwanta, aka rufe ƙofofin madatsa. Madatsar Sinnar da aka kammala a 1925, ta Jabal Auliya a 1937, da ta Rusairis a 1966, duk sun mayar da wani yanki na kogi tamkar tafki na wasu watanni, kuma wannan jinkirin shi ne ke ba ƙananan tsirran damar taruwa. Masu bincike na Jami'ar Khartum, cikinsu har da Julian Rzoska da Jack Talling, sun bi diddigin lamarin tun daga shekarun 1950, suka ga yana da tsari: diyatom mai suna Melosira granulata, wadda yanzu ake kira Aulacoseira granulata, ita ke fara mamaye ruwa, naitirojin ya yi ƙasa sosai, sannan sayanobakteriya irin su Anabaena su karɓi fage.

Dalilin wannan karɓa-karɓa a bayyane yake. Anabaena na iya ɗaukar naitirojin daga iska, kamar yadda ƙwayoyin da ke saiwar wake da gyaɗa ke yi, saboda haka ƙarewarsa a ruwa ba ta dame ta ba. A cikin shekara guda, a kogi guda, mai taƙaitawa ya tashi daga haske ya koma naitirojin.

Tsakanin naitirojin da fosfaras, wanne ya fi muhimmanci?

Shahararren gwajin da ake kafa hujja da shi an yi shi ne a 1973 a wani tafki da ake kira Tafki na 226 a lardin Ontario na Kanada, ƙarƙashin David Schindler. An raba tafkin biyu da labulen roba, aka zuba kabon da naitirojin a ɓangarorin biyu, amma aka ƙara fosfaras a ɓangare ɗaya kawai. Ɓangaren fosfaras ya zama kore shar, ɗayan kuwa bai sauya sosai ba. Daga nan ƙasashe da dama suka taƙaita fosfaras a garin sabulun wanki.

Sai dai ɗalibanmu su yi hattara da haddace wannan a matsayin doka ta ko'ina. A ruwayen ƙasashe masu zafi da yawa, da mafi yawan teku, naitirojin ne ke fara ƙarewa, kuma abin da aka gani a Nilu, kamar yadda amsar da ta gabata ta nuna, ya fi karkata can. Sau da yawa ma ƙarin biyun tare shi ke kawo bunƙasa mafi girma.

Bahar Maliya garau take, ga rana isasshiya. Me ya sa ake cewa ruwanta matalauci ne?

Wanda ya taso a bakin Nilu, ranar da ya fara leƙa ruwa a Sawakin ko a arewacin Jidda ya hangi ƙasan teku ƙarara, yakan ɗauka ya ga ruwa mai albarka. Amma wannan tsabtar ita kanta shaida ce ta ƙarancin rai a cikinsa. Babu wani kogi mai gudana duk shekara da ke zuba a Bahar Maliya, ruwan sama kaɗan ne, rana kuma tana ɗauke kimanin mita biyu na ruwan a kowace shekara, shi ya sa gishirinsa ya kai giram 40 a kowace lita a arewa. Ruwan sama-sama mai ɗumi yana zaune a kan na ƙasa kamar mai a kan miya, ba sa gauraya, don haka takin da ya nutse tare da matattun halittu ba ya dawowa inda haske yake. Yanayin ya zama kishiyar na damira: can ga taki babu haske, nan ga haske babu taki.

Talaucin bai zama ɗaya ba daga kudu zuwa arewa. Ta mashigin Babul Mandab ruwan Tekun Adan mai ɗauke da sinadarai yana kutsowa, saboda haka kudanci, wajen Jizan da tsibiran Farasan, ya fi kore kuma ya fi kifi da jatan lande. A arewa kuwa sai hunturu ya sanyaya saman ruwa, ya yi nauyi ya nutse, na ƙasa ya taso da taki, sannan tsirran ke ɗan bunƙasa.

Kifin da ake gani maƙil a kewayen murjani, irin na Sanganeb da ke kusa da Bur Sudan, ba ya ƙaryata wannan bayani. Murjani yana ɗauke da nasa ƙananan tsirran a cikin jikinsa, kuma abin da wani ya fitar wani ke ɗauka nan take, ɗan takin da ke akwai yana zagayawa ba ya zuba.

Mene ne jan-jan layukan da ake gani wani lokaci a saman teku, kuma gaskiya ne ƙura tana ciyar da ruwa?

Galibi wata sayanobakteriya ce mai suna Trichodesmium erythraeum, wadda Bajamushe Christian Ehrenberg ya bayyana a 1830 daga samfurin Bahar Maliya, har wasu na ganin daga gare ta tekun ya samo sunan “ja” a Larabci da harsunan Turai. Kamar Anabaena, tana ɗaukar naitirojin daga iska, amma wannan aiki yana buƙatar ƙarfe mai yawa. A nan ƙura ke shigowa. Iskar bazara da ke kurɗawa ta gibin tsaunuka na Tokar tana kwasar ƙurar Sudan ta zuba a teku, ɗauke da ƙarfe da ɗan fosfaras.

A wasu tekuna masu nisa da hamada, kamar wanda ya kewaye Antaktika da tsakiyar Fasifik, naitirojin da fosfaras suna nan jibge amma tsirran ba su da yawa. John Martin ya ce rashin ƙarfe ne sanadi, kuma gwaje-gwajen zuba ƙarfe a Fasifik a 1993 da 1995 suka gaskata shi.

Zafi yana taimakonsu ne ko yana cutar da su?

Yana hanzarta hayayyafarsu zuwa wani mataki, amma a ƙasashenmu sanyi bai cika zama cikas ba, illar zafin ce ta fi yawa. Yana ƙarfafa rabuwar ruwan sama-sama da na ƙasa da aka bayyana a amsar Bahar Maliya, kuma binciken Jami'ar Sarki Abdullah da ke Thuwal ya nuna cewa a shekarun da hunturu ya yi ɗumi, bunƙasar tsirran a arewacin tekun takan yi rauni. A ruwan daɗi zafi yana fifita sayanobakteriya a kan diyatom, alhali diyatom ta fi gina jikin ƙananan dabbobi. Sannan ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a lita, a digiri 30 kuwa kimanin 7.5 kawai.

Shin masu cin su ma suna iya taƙaita su?

Ƙwarai kuwa. Tafki biyu masu taki iri ɗaya na iya bambanta a launi saboda bambancin mazauna cikinsu. Inda manyan kifaye masu farauta suka yi yawa, ƙananan kifaye sukan ragu, zufilankton su yawaita su kiwace tsirran, ruwa ya washe. Inda aka kame manyan da raga mai ƙananan idanu, sai lamarin ya juya. A ruwayenmu karfasa tana sassauta wannan tsari tun da ita ma tana cin tsirran da kanta.

Akwai kuma kishiya mai ƙwace haske daga sama. Kainuwar Turawa mai shuɗin fure, wadda ta bayyana a Farin Nilu a ƙarshen shekarun 1950, idan ta shimfiɗu takan rufe rana ta kuma shanye taki, ruwan da ke ƙarƙashinta ya zama fayau.

Ina da tafkin karfasa. In zuba taki domin ruwan ya yi kore?

Ka fara duba launin ruwan tukuna. Idan ja ne ko ruwan ƙasa saboda laka, taki asara ce, domin haske ne ya yi ƙaranci, maganinsa kuwa shi ne a bar ruwan ya kwanta a wani rami kafin ya shiga tafki, a kuma dasa ciyawa a gaɓa. Idan garau yake, to taki zai yi aiki. A auna da faifan Secchi, wanda ya samo suna daga Angelo Secchi na Italiya da ya yi amfani da shi a 1865: faifai mai faɗin santimita 20, a shafa masa fari da baƙi, a ɗaura igiya mai alamomi, a saukar har ya ɓace. Murfin bokitin fenti ma ya isa. Ga tafkin karfasa, ɓacewa tsakanin santimita 30 zuwa 40 shi ne daidai, wato kusan ma'aunin gwiwar hannun da dattijon nan ya nuna a amsar damira. In ya ɓace kafin santimita 20, a dakatar da taki nan take.

Wannan gargaɗi na ƙarshe da asara na koye shi. Wata shekara na juye buhunan kashin kaji a ƙaramin tafkina a lokaci guda, ruwan ya yi kore kamar miyar kuka, ina ta murna. Da rana tsirran suna fitar da oksijin, amma da dare su da kifi da ƙwayoyin da ke ruɓar da takin duk shaƙa suke yi. Bayan wani yini na ƙura da rana ba ta fito sosai ba, na zo da asuba na tarar da karfasa sun taru a sama suna buɗe baki, manyan cikinsu kuma sun riga sun juya farin ciki sama, gefen tafki duk sun jeru. Tun daga ranar nake zuba taki kaɗan-kaɗan kowane mako, kuma nake zagaya tafki kafin fitowar rana, lokacin da oksijin ya fi ƙasa.

Koren ruwa yana da haɗari ga mutum da dabba?

Wani yana da shi. Sayanobakteriya irin su Microcystis suna fitar da guba mai lahanta hanta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikirogiram 1 a lita ga mafi shaharar nau'inta a ruwan sha. Tafasawa ba ta kashe wannan guba. Idan aka ga kumfa kore mai kauri kamar fenti iska ta tara shi a gefen hafiri ko tafki, kada a shayar da dabbobi a wurin, kada yara su yi wanka. A teku ma yawan ya kan zama masifa: jan ruwan da ya mamaye Tekun Oman da Tekun Fasha a 2008 zuwa 2009 ya kashe kifi, ya kuma tilasta dakatar da wasu tashoshin tace gishiri daga ruwan teku a yankin.

Me babbar madatsar Habasha za ta sauya a wannan lissafi?

Akwai darasi a abin da ya faru a Masar. Kafin a gina Babbar Madatsar Aswan, wadda aka kammala a 1970, ambaliyar Nilu takan zuba taki a Bahar Rum kowace kaka, diyatom su bunƙasa, kifin sardin ya biyo su. Da aka tare ruwan, kamun sardin ya faɗo daga kimanin tan 18,000 a 1962 zuwa ƙasa da tan 1,000 a ƙarshen shekarun 1960. Kamun kifi a gaɓar ya farfaɗo daga shekarun 1980, kuma masana da dama suna danganta hakan da takin zamani da ƙazantar birane da ke kwarara teku.

Madatsar Habasha da ke kan Shuɗin Nilu, wadda aka fara ginawa a 2011 aka fara cikawa a 2020, tana iya riƙe ruwa mita kubik biliyan 74, kuma mafi yawan lakar da ke zuwa Rusairis da Sinnar a can za ta riƙa kwantawa. Ruwan da ke iso mana zai fi haske, gudunsa zai fi daidaita tsakanin damira da rani, ke nan cikas biyun da aka bayyana a amsar damira duk za su sassauta, tsirran su sami watanni masu yawa na girma. A ɗaya gefen, fosfaras ɗin da ke manne da laka zai tsaya a baya, fadamun da kifi ke hawa ya yi ƙwai kuma ba za su riƙa cika kamar da ba. Karfasa mai tace ruwa na iya cin riba, kifayen da rayuwarsu ta rataya a kan hawan ruwa su yi asara. Duk masunci ko malamin makaranta da ke bakin Shuɗin Nilu yana iya saukar da faifai a wuri guda kowace Juma'a da hantsi, ya rubuta kwanan wata, zurfin da faifan ya ɓace, launin ruwa, da irin kifin da aka fi kamawa a makon.